Abin da Inna Ustinya Ta Ɓoye

Asibitin soja, Tashkent, Nuwamba 1945

Zuwa ga Inna Ustinya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni ne Fayvel ɗan Mendel maƙeri, maƙwabcinki, wanda ya addabe ki da satar tuffa. Na baro ƙafar hagu a fagen yaƙi, amma ina raye. Sau tara ina rubuta wa gidanmu, shiru. Ki faɗa mini gaskiya, kada ki tausaya mini.

Naki, Fayvel

Lozniki, Disamba

Ɗana Fayvel,

Ina gaishe ka. Malamar makaranta ce ke rubuta mini wannan. A watan Agustan 1942 Jamusawa suka zo da 'yan sandansu, har da 'ya'yan garin nan a ciki. Suka tattara Yahudawan ƙauyen kaf, suka kora su ramin da muke ɗibar yashi. Tun hantsi har la'asar muna jin harbi. Babanka da innarka suna can, da yayarka Sheyna da mijinta. Babu wanda ya rage. Kada ka zo, ba abin da za ka tarar.

Allah ya ba ka haƙuri.
Ustinya

Tashkent, Janairu 1946

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Na gode da ba ki ɓoye mini komai ba. In an sallame ni zan bi jirgin ƙasa duk inda ya tsaya. Ki ɗora mini dutse ɗaya a bakin ramin, kamar yadda mu Yahudawa ke yi a kan kabari.

Naki, Fayvel

Lozniki, Fabrairu

Ɗana,

Ina gaishe ka cikin kunya. Na ɗora dutsen, amma na yi maka ƙarya.

Ranar nan, da aka biyo da su ta bakin shingena, Sheyna ta yi kamar ta yi tuntuɓe, ta tura 'yarta Taybe cikin ganyen dankalina. Ta dube ni ta ce, "Inna, ga ajiya." Yarinyar ba ta yi kuka ba. Na ce wa mutane jikar ƙanwata ce, na kira ta Tanya. Wasu sun gane, suka kama bakinsu.

Yanzu shekarunta shida. Ga surutu, ga taurin kai irin na babanka. 'Ya'yana biyu ba su dawo daga yaƙi ba, ita kaɗai gare ni, shi ya sa na ji tsoronka. Amma da ka ce ban ɓoye maka komai ba, sai na kasa ci gaba da ƙaryar. Ka zo. In tafiya za ka yi da ita, ka bari sanyi ya wuce, tana yawan tari.

Ka yafe mini.
Ustinya

Tashkent, Maris

Inna,

Ina gaishe ku, ku biyu. Ba zan raba ta da uwa karo na biyu ba. Ki nemo mini ɗaki kusa da ku. Kada ki gaya mata komai tukuna, tare za mu gaya mata sunanta.

Ki auna ƙafarta da zare, ki sako mini a wasiƙa. Na ga jajayen takalma a kasuwar nan.

Naki, Fayvel