Gyaran da Magariba Ke Katsewa

Daren Laraba, Dutsin-Ma

Yau dai na gano bakin zaren, alhamdu lillahi. Sati biyu ke nan kwamfutar reshenmu na Kurfi tana fito da jan saƙo kowace safiya, wai gyaran rumbun bayanai bai kammala ba. Sunayen manoman ƙauyen Ɗantutture da za mu raba wa iri sun ƙi buɗuwa, ga damina ta ƙarato. Alhaji mai kamfanin har ya fara zancen ɗauko wani daga Kano.

Da la'asar na je na tasa kwamfutar a gaba. Bakwai saura kwata gyaran ya fara da kansa. Ana kiran Magariba sai Baba Sani mai gadi ya kashe janareta, kwamfutar ta ɗauke ana tsakiyar gyaran.

Na ce, "Baba, kullum haka kake yi?"

Ya ce, "Haba ɗana, ana salla inji na ruri?"

Da muka idar ya tayar da janaretan, gyaran ya kammala, sunaye suka fito. Na mayar da lokacin gyaran hantsi.

Gobe in Alhaji ya tambayi mai laifi, ni ne. Ni na zaɓi lokacin, kamar ban taɓa jin ladan ba.