Darar da Ka Ƙi Bar wa Jatau

Zuwa ga Yayana Ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan Allah Ya sa kana kwance cikin ni'ima. Mu nan Tsiga lafiya lau. An yi girbi, dawa ta yi kyau, audugar ce dai tsutsa ta taɓa. Na san takarda ba ta zuwa inda kake, amma cikina ya cika, kuma kai ne za ka gane abin da ya cika shi.

Akwai wata magana da na fara ji a kasuwar Dandume, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, lokacin ina zaune Funtua. Wani mai sayar da igiya ya ce wai a Tsiga an yi wani tsoho da ya warkar da mai taɓin hankali da dara. Ba rubutu, ba hayaƙi, ba bulala. Dara dai, wannan ta ƙasa, ta kara da tsakuwa. Na tambayi sunan tsohon, ya ce Ilu. Na yi dariya har na ƙware. Na ce mashi Ilun nan ciki ɗaya muka fito, ko zawon akuya bai taɓa tsayarwa ba. Abin da ya iya shi ne tatsuniya, da cin mutane a dara ba kunya.

Daga baya wani direban lori a hanyar Danja ya sake faɗa mani, amma a bakinsa maganar ta yi ƙiba, har an sa maka aljanu cikin karan. Da na dawo gida gaba ɗaya na tambaye ka, sai ka ce, "Ni dai wasa muke yi." Ba ka ƙara ba. Kande, uwar mai ciwon, ita ta warware mani sauran.

Mai ciwon shi ne Jatau ɗan Nomau, na Maguzawan nan na gidan gona bayan rafi. Ya shiga soja, aka tura su wata ƙasa, ya dawo da akwati da takalmi amma babu magana. In mota ta yi tari, ko iska ta buga ƙyauren langa-langa, sai ka same shi ƙarƙashin rumbu yana rawar jiki. Mutanensu suka yi nasu, aka kaɗa garaya, aka yi yanka. Aka zo gari, malamai suka yi nasu. Ranar da ya fasa randar uwarsa ya yi daji, sai aka kamo shi aka sa ƙafarsa a turu, katakon nan da ake ɗaure masu ciwon kai da shi.

Hanyar fadamarka ta bi ta ƙofarsu. Kande ta ce wata hantsi ka aje fartanya, ka zauna kusa da shi, ka tona ramukan dara da yatsa, ka shiga wasa kai kaɗai, kana yi wa kanka kana yi wa abokin da babu. Ka daɗe kana zuwa bai ko dube ka ba. Sai ran nan ka yi wa ɓangarensa wani mugun kuskure, ya miƙo hannu ya gyara karan.

Sai ka raɗa wa karansa suna. Ka ce ai mayaƙan wani maharbi ne, Baƙin Walki, wanda yake kama zaki ta kunne, kibiyarsa kuma tana zagaya kuka ta sami abin da ya ɓoye. Amma in aradu ta faɗi, gwiwarsa ba ta ɗaukarsa. Jatau ya ce shi a majigi ya ga wani mai malafa da ba ya faɗuwa daga doki, ba ya tsoron komai. Ka ce, "Wancan hoto ne a jikin ƙyalle. Jarumi shi ne wanda ya jiƙa wandonsa jiya, yau kuma ya fito."

Ba ka taɓa tambayarsa me ya gani can ba. Sai dai ka ce, "Yau yaya Baƙin Walki ya tashi?" Shi kuma ya ce maharbin ya tashi da nauyin kai, ya tuna abokinsa da ya bari kwance a bakin titi. Duk abin da ya kasa faɗa da sunansa, ya faɗe shi da sunan maharbi.

Kuma kullum sai ka cinye shi tas. Kande ta roƙe ka, "Malam Ilu, ka bar mashi ko sau ɗaya mana." Ka ce, "Yaro ake bar wa, sai wanda aka fid da rai da shi. Ɗanki wanne ne a ciki?"

Aka cire turu. Ya koma gona. Na gan shi da idona ƙarƙashin tsamiyar bakin kasuwa, cikin manya, ana cinsa yana ci, yana gardama kamar kowa.

To Yaya, ka tafi da damina, ga abin da mutanenka suka yi da kaka.

Wurin zaman makokinka Kande ta ba da labarin maharbin, don godiya. Haruna tela da 'yan majalisar tsamiya suka tsince shi. Suka yanke cewa tun da Ilu ba ya nan, su za su ci gaba da aikin lada. Ladan nasu kuwa shi ne su riƙa bar wa Jatau wasa. In ya dasa kara sai su riƙe baki, "Kai! Wannan ai sai Janar!" suna ƙifta wa juna ido ta saman kansa. In ya tunkaro sai a ɗaga murya, "A ba da hanya, ga Baƙin Walki!" Sunan da kuka yi tsakaninku, wanda mutum ya zuba asirin cikinsa a ciki, ya zama abin raha a bakin masu tauna goro. Har aka sami wani ƙato mai 'ya'ya da jikoki ya lallaɓa ya buga langa-langa a bayansa, wai a ga yadda gwiwar maharbi take rawa.

Na yi magana. Haruna ya ce, "Haba Malam Mamman, ai taimako ne, kada ransa ya ɓaci." Ya faɗa yana murmushi irin na wanda ya ciyar da maraya. Wallahi da zaginsa suka yi da ya fi mani sauƙin haɗiya. Kuma in baƙo ya zo, su ne masu cewa mu muka warkar da shi.

Jatau ba wawa ba ne. Ran nan suna dara da Haruna, da gangan ya bar wani gida a buɗe, wanda ko makaho ya laluba zai ci. Haruna ya dube shi sarai, ya kai hannu wani wuri. Jatau ya miƙe, ya share ramukan da ƙafa, ya tafi. Bai sake fitowa daga ɗaki ba. Ya daina gona, ya daina amsa sallama. Nomau ya jawo turu daga bayan rumbu ya kakkaɓe mashi gara.

Ka san ban iya dara ba, kai ka sha faɗa. Duk da haka na je. Na zauna ƙofar ɗakinsa na tona ramuka, ina yi ni kaɗai har inuwa ta juya. Da ya fito, ya rame, idonsa ja. Ya zauna bai gaishe ni ba. Muka dasa. Can cikin wasa sai ya bar mani gidan nan a buɗe, irin wanda ya bar wa Haruna, ya zuba mani ido. Kande tana leƙe ta danga, turu yana jingine a gefenmu.

Na ci. Na ƙara cin wani da bai yi niyyar ba ni ba.

 Sa'an nan ya gyara zama, ya share ni kaf, ko tsakuwa ɗaya bai bar mani ba. Ya ce, "Ku 'yan gidanku ba ku da tausayi." Na ce to yaya maharbi? Ya ce, "Ya ji kunya. Amma ya fito."

Ba zan ce maka an gama ba. Nomau bai mai da turu bayan rumbu ba tukuna, ya ce sai ya gani. Ni kuma bayan azahar can nake, ana cina ina dawowa. Tsamiya kuwa na bar masu.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya haskaka makwancinka, Ya sa zaman da ka yi cikin ƙasa a ƙofar Nomau ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Jatau kuma Allah Ya raba ƙafarsa da katako har abada.

Ni ne ƙaninka Mamman, wanda ya ƙaryata mai igiya, ya ƙaryata direba. Jiya ina tattara tsakuwata aka sake ce mani yayanka da dara ya warkar da mutum, kuma wannan karon ban yi dariya ba. Wanda ya faɗa mani shi ne Jatau ɗan Nomau.