Abin da Na Rubuta a Littafin Baƙi

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ciwon bayan? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni dai ga ni nan, gajiya kamar ta kashe ni. Mako uku ke nan muna kan kalma ɗaya a ofishinmu na ƙamus, wata kalmar Turanci, wai "snub". Mun bi asalinta har wani tsohon harshe na mutanen arewacin Turai, inda take nufin tsawatarwa ko katse mutum. Matuƙan jirgin ruwa ma suna faɗinta idan aka fizge igiya aka tsayar da jirgi farat ɗaya. Yanzu kuwa ita ce ka ga mutum ka yi kamar ba ka san shi ba. Wannan ya ce mu rubuta gwalewa, wancan ya ce shariya, Darakta ya ce dizgi. Amma duk cikinsu ba wanda ya kai ni sanin ma'anarta.

Yaya, maganar ranar Talatar nan ce. Ka taso daga gareji da kayan aiki, baƙin mai har gwiwar hannu, don kawai ka kawo min maganin hawan jinina da na manta a gidanka. Ka san dokar wurinmu: baƙo ba ya shiga sai ma'aikaci ya fito ya rubuta a littafi ko mene ne shi a wurinsa. Darakta na tsaye a bayana da manyan baƙi. Na karɓi biro na rubuta mai gyara. Mai gadi ya karanta da ƙarfi, ya rataya maka katin leburori, ya nuna maka ƙofar baya. Ka ajiye maganin a kan tebur ka juya.

Ba ni da hujja. Kunya na ji, yanzu kuma kunyar abin da na yi ta fi waccan sau dubu. Ka yafe min.

Ƙaninka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Wata guda ke nan shiru. Na kira wayarka har na gaji da jin ƙararta. Anti ta ce min ka sa an karanta maka wasiƙata har sau biyu, ka ninke ta, ka ci gaba da cin abincinka.

A ofis an tsayar da shawara a kan kalmar, aka ce ni zan kawo misalin jimla. Na zauna yini guda da farar takarda a gabana. Haba! Kai da ka bar aji huɗu ka shiga ƙarƙashin mota don ni in zauna a aji, yau bokon da ka saya min da shi na wulaƙanta ka. Abinci ma ba ya min daɗi. Ranar Asabar zan zo.

Naka,
Auta

Yaya,

Barka da war haka, ya aiki? Na iso gida lafiya, idan wannan ce lafiya.

Na zo da shirin ka zage ni, ko ka kwaɗa min mari kamar lokacin da na fasa maka madubin mota. Sai ka miƙe tsaye da ka gan ni. Ka goge hannunka kafin ka miƙo min. Ka ɗauko kujerar roba ta masu kawo gyara, ka share ta da tsumma har sau biyu. Ka kira ni Yallaɓai, ka tambaye ni ko akwai abin da ya lalace. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin wani suna a bakinka ba sai Auta.

Wallahi na gaji, Yaya, ba ni da sauran kalma. Asabar mai zuwa zan dawo, da wadda ke bin ta, har ranar da za ka gaji da ganina ka daka min tsawa. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka sake share min kujera.

Ƙaninka, ko ka kira ko ba ka kira ba,
Auta