Ta Ƙeya Ya Gane Ni

Ɗana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya baƙunta, yaya labarin mutanen gida? Ni lafiya lau nake a birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Na ji kana so a sauya maka abokin aikin bishara, wai ya cika nawa. Shekaranjiya a kasuwar tufafi wani ya ƙwala mini kira. Ashe Bitrus ne, wanda muka yi aikin tare a Kumasi. Ya ce, "Ta ƙeya na gane ka, Yohanna. Wata shida ita nake kallo, ba ka taɓa jira na ba!" Mun yi dariya, amma na ji kunya.

Bibbiyu aka aike ku. Rage sauri ku jera. Ka sa ni a addu'a, ka gaishe mini da abokin naka.

Kawunka,
Yohanna