Kitsen Ragon Layya

Kibiya, 9 ga Nuwamba, 2004

Zuwa ga 'yata Asma'u,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da karatu.

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da aka sallame ni daga sashen kiwon kifi, aka ba wanda na koya wa riƙon sirinji kujerata. Soja sun tafi, siyasa ta zo, an ƙaddamar da Shari'a, ba wanda ya tuna da ni. Waɗannan na haƙura da su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar da kika liƙa a bakin kandamina ranar da kika fara bincikenki: "Kada a ba kifin komai sai abincin buhu." Da jan biro, har da jan layi. Ni da na karanci halittar kifi tun ba a haife ki ba.

Jinin wannan wata yana hannun Sharfaddeen direba, kwalabe goma sha biyu cikin ƙanƙara, duk daga matan tarwaɗa. Idan shekarar ta cika ki nemi wani mai gadin.

Ki gaishe da malamanki masu ilimi.

Kawunki, Ƙasimu

Kano, 20 ga Disamba, 2004

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Don Allah ka yafe mini, takardar nan don masu taya ka aiki na rubuta, ba don kai ba.

Ga albishir. Littattafai sun ce kitsen da ke cikin jinin macen tarwaɗa yana hawa ne dab da damina, lokacin da take haɗa ƙwai, ya sauka bayan ta zubar. Namu ma haka suka yi. Amma a Fabrairu, da rani, ya yi wani tashi da ban ga an taɓa rubutawa ba. Malamina ya ce a kansa zan gina digirina na biyu, mu sake aunawa a Fabrairu mai zuwa. Ya tambaya ko na amince da mai ɗibar jinin, na ce mutumin ya fi mu duka sanin kifi. Sunanka ne a shafin farko na rahotona.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka, Asma'u

Kibiya, 14 ga Agusta, 2005

Asma'u,

Ina gaishe ki, in kina karɓa.

Jiya mahaifiyarki Jumai ta zo daga Rano. Ko ruwa ba ta sha ba. Ta ce bana kitsen bai tashi ba, kwamitin jami'a ya ce ƙirƙirar alƙaluman bara kika yi, aka ce ki kawo wanda ya ɗebi jinin, kika ce ba za a titsiye kawunki a gaban yara ba.

To ga abin da ya faru. Layyar bara ta faɗo a farkon Fabrairu. Na tattaro ragowar kitse da hanjin raguna daga gidaje uku, waɗanda suka fara wari. Na tsaya gaban takardarki, na karanta ta, sannan na zuba wa kifin. Kwana uku ina yi, rana ta huɗu na ɗebi jini. Ba mantuwa ba ce. Na san abin da kitse ke yi wa jini. So nake in nuna wa wata takarda cewa ba ta isa da ni ba.

Da wasiƙarki ta zo na gane nan take. Na karanta wurin da kika yabe ni sau uku, na tura ta ƙarƙashin tabarma. Wata takwas ina cewa gobe.

Ga bayani nan na rubuta wa malaminki, da sa hannuna. Ki kai masa. In ana so in zo, zan zo.

Ƙasimu

Rano, 2 ga Satumba, 2005

Kawu,

Ina gaisuwa. Na kai takardar. Malam ya karanta, ya ce ya yarda, amma an cire sunana daga cikin ɗalibai tun watan Yuni, kuma ba a mayarwa.

Na dawo gida. Ka cire takardar nan daga bakin kandami, ka ba kifin abin da ka ga dama.

Shekara uku ce ta tafi, da digirin.

Asma'u