Ɓargona a Ƙashin Yaya

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ni ce. Cikin mu huɗu 'yan'uwa da aka ɗebi jininmu don dashen ɓargo, nawa kaɗai ya dace da na Yaya. Ni Auta, wadda kullum take ce wa ba a aikenki ki dawo da abin kirki. Likita ta kira ina tsakar wanke wa wata mata gashi a shago, na bar ta da kumfa a ka na fita bakin titi ina tsalle. Sai da mai shago ta leƙo ta ce, "Ke, lafiyarki ƙalau?"

Mama kuka kawai take yi.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Ashe a cikin ƙashi ake yin jini! Ni duk zatona aikin zuciya ne. Likita ta ce zuciya harba shi kawai take yi, ɓargo ke haifar sa, musamman na ƙugu da na ƙirji. Uwa ɗaya, 'ya'ya iri uku, wato ƙwayoyin jini: jajaye masu kai iska ko'ina a jiki, farare masu faɗa da cuta, sai wasu ƙanana da ke tsayar da jini in an ji rauni. Ɓargon Yaya ne ya daina haihuwa. Shi ya sa take haki daga ɗaki zuwa ƙofa, dasashinta kuma ba ya rabo da jini.

Na ce, "To in an ɗebi nawa, ni fa?" Ta yi dariya ta ce kamar gashi ne, ai na fi ta sani, yana tsirowa.

Har ƙoda tana da hannu: in iska ta yi ƙaranci a jini, ita ke aika wa ɓargo ya ƙara himma. Saifa kuma ta bi tana tsince waɗanda suka tsufa. Hanta wai ita ta riƙe aikin tun muna ciki, kafin ƙashi ya karɓa. Duk wadda ta zauna a kujerata yau sai da ta sha wannan karatu, ko tana so ko ba ta so.

Talata, 25 ga Fabrairu

An killace Yaya a ɗakin da ba mai shiga sai an rufe baki da hanci. Za a kashe sauran ɓargonta da magani don nawa ya samu wuri. Ta gilashi muka yi magana, da waya. Ta rame, leɓenta fari fat.

Ta ce, "Auta, ba dole. In kina tsoro ki faɗa, ba wanda zai ga laifinki."

Na ce wa ya ce ina tsoro. Ta ce to in riƙa cin abinci, ba ta son ɓargon yunwa.

Ina tsoro.

Alhamis, 6 ga Maris

An yi. Ban san komai ba, barci aka sa ni. Na farka ƙuguna kamar na faɗo daga matattakala. Nas ta turo ni a keke har bakin gilashin, na ga leda ja a rataye, tana ɗiga a hankali cikin jijiyar Yaya. Na zaci za a fasa mata ƙashi a zuba. Nas ta ce a'a, da kansa zai nemi hanya har ya shiga ƙashi ya zauna. Na ce lalle bai gado ni ba, ni da ke ɓata a kasuwa.

Yaya ta ɗago min yatsu biyu.

Asabar, 15 ga Maris

Zazzaɓi. Yaya ba ta iya riƙe waya ba. Fararen ƙwayoyin shiru har yanzu. In nawa ma bai iya aikin ba fa?

Litinin, 24 ga Maris

Sun fito! Likita da kanta ta tare mu a baranda, ta ce fararen sun fara bayyana, kaɗan ne amma suna ƙaruwa. Na rungume ta, na manta da ciwon ƙugu, na rungume har mai goge ƙasa. Mama ta zauna daɓas a benci tana ta godiya ga Allah.

Na kira Yaya na ce ta ji, ma'aikatana sun kama aiki. Da ƙyar muryarta ke fita. Ta ce, "Sun makara, kamar mai su."

Asabar, 14 ga Yuni

Gwajin jiya ya nuna rukunin jinin Yaya ya fara komawa irin nawa. Ta ce shi ya sa kwanan nan lalaci ke damun ta.

Da safe na je gidanta, ta kama ni da faɗa wai na shanya kayan yara a karkace. Faɗa sosai, da ƙarfi, ba haki. Na tsaya riƙe da bokiti ina kallon leɓenta, ja kamar na kowa. Har ta gama ban rama ba. Ta ce me nake kallo, na ce ba komai.

Mai shago ta sake min maganar sabon shagon da za ta buɗe a wani gari, wanda ni da kaina na daɗe ina naci a tura ni. Na ce ta ba wata.

Ba don kowa ba ne. Hanyar ce da nisa.