A Buɗe wa Yaranmu Filin Ƙwallo Kafin a Saki Shanu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gyaran Tarbiyya na gundumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti.

Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Badarawa. Na zo ofishinku aka ce ka tafi Gusau, na koma aka ce kana taro, shi ya sa na rubuto a fili, in ba ka gani ba wani ya gani ya faɗa maka. Tsoro ne ya sa ni wannan rubutu, ba rashin kunya ba.

Kada a ɗauke ni maƙiyin gyara. Ranar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, a bayan akori-kura na tafi a tsaye, na dawo murya a dishe saboda kabbara. Da kuka rufe rumfar karta ta bakin tasha, ni na fara cewa madalla. Kukana a kan filin ƙwallon yaranmu ne da kuka haɗa da ita.

1. Abin da ya jawo rufewar. Wasu baƙi biyu da suka zo cin kasuwa suka yi caca a kan wasan da yaranmu suka buga da na Galadi. Babu ɗan wasa ko ɗaya a cikin maganar. Kwamiti ya aiko aka tuge sandunan gola, aka ce an hana wasa sai yadda hali ya yi. Masu cacar sun hau babur ɗinsu sun yi gaba, yaran aka bari da hukuncin. Kuma yaran nan ba su taɓa yi muku gardama ba. Kun ce gajeren wando tsiraici ne, ni da hannuna na ɗinka musu wasu har ƙasan gwiwa, suna gudu a ciki ana yi musu dariya, ba su tuɓe ba. Kun ce kada wasa ya shiga Magariba, suka riƙa tashi tun rana tana ja.

2. Abin da ba a gaya wa kwamiti ba. Ni ban san kan ƙwallo ba, har yau ban gane dalilin da alƙalin wasa ke hana cin da kowa ya gani da idonsa ba. Amma na san aikin da filin nan yake yi mana. 'Yan ƙungiyar, wasu 'ya'yan manoma ne, wasu daga rugar da ke bayan fadama suke zuwa. Ɗana Lawali yana tsaron baya, abokinsa Buba ɗan Arɗo shi ne mai tsaron gida. Haka suke tun kafin a yanke mana jiha daga Sakkwato.

Malam ya sani, idan an yanke gero, shanu kan shigo su ci kara su bar mana taki. Matsalar ita ce gonaki ba sa ƙarewa rana ɗaya. Wani ya kwashe, maƙwabcinsa kuwa wakensa bai bushe ba, wani dawarsa tana tsaye. Dattawa kan yi shelar ranar sakin shanu sau ɗaya su koma gida. Ainihin labarin kullum a filin nan yake wucewa: ana ɗaure takalma, ɗan manomi zai ce wa ɗan ruga kada su bi ta gonar wane gobe, su zaga ta gindin tsamiya. Ɗan ruga kuma ya ce garken wasu baƙi yana tafe daga wajen Zurmi, a gaya wa masu wake su hanzarta. In an yi ɓarna, tun kafin iyaye su ji, yaran sun je sun duba sun san na wane ne. Da wuya ka ɗaga wa mutum sanda alhali gobe shi zai tsare maka raga. Ba wanda ya tsara wannan, ba wanda ya ba shi suna, shi ya sa da aka tuge sandunan babu wanda ya lura da abin da aka tuge tare da su.

3. Abin da ya biyo baya. Tun da aka rufe filin, yaran ruga suka daina shigowa gari da yamma, don ba su da abin zuwa yi. Ƙanen Buba ya koro shanu ta gonar Malam Ɗanjuma, wani tsoho maƙwabcina, yana zaton an kwashe kamar ta kusa da ita. Ba a kwashe ba. Suka cinye waken tas. Samarin unguwa suka kama yaron suka fasa masa kai, da gari ya waye kuma aka tarar an sare wa jakin tsohon ƙafa. Babu wanda ya san wanda ya yi, amma kowa ya riga ya yanke hukunci a ransa. Na gamu da Arɗo a hanyar Shinkafi, mutumin da nake ɗinka wa kayan Sallah shekara da shekaru. Ya amsa sallamata bai tsaya ba.

4. Inda muke yau. Samarin da ke taruwa a fili yanzu a bayan makaranta suke taruwa, kuma ba ƙwallo ke hannunsu ba. Sun ce za su tsare gonaki da kansu. Na yi wa Lawali faɗa, ya ce da ni, "Baba, mi kaka so mu yi? Da muna da wurin da muka hwaɗa musu, yanzu babu." Dawa ta kusa isa yanka, garkunan arewa suna hanya, kuma na san Buba ba zai bar shanun ubansa su tafi ba shi ba. Mahaifiyar Lawali ta daina cin abinci sosai. Ni ma in na ji ihun yara a waje, sai ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki.

Saboda haka nake roƙo, don girman Allah:

A mayar da sandunan gola kafin a saki shanu, ba bayan an sake su ba. In kwamiti yana tsoron caca, ya turo mutum ɗaya ya zauna a bakin fili, ni zan kawo masa kujera. Sannan Malam da kansa ya aika ruga a ce yaransu su dawo wasa, domin in mu muka aika yanzu ba za su zo ba.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira, ya sa aikinku ya zama sanadin zaman lafiya, ya tsare mu da ganin jinin 'ya'yanmu.

Jiya Lawali ya kawo mini baƙin yadi, ya ce in ɗinka masa riga mai aljihu a ciki, inda zai sa layu da wuƙa. Na ce masa keke ya lalace. Ƙarya na yi wa ɗana, Malam, kuma ba ni kaɗai ne tela a garin nan ba.

Wassalam.

Naka,
Tela, mahaifin Lawali.